Zarton bel na yankan ƙarfe

Zarton bel na yankan ƙarfe inji ne da ke amfani da siririn ruwan zarto wanda aka haɗe bakinsa biyu da walda ya zama zobe, yana zagaya wili biyu kamar yadda bel ke zagaya fuli. Da Turanci ana kiransa bandsaw. Ƙaramin samfurinsa, wanda ake ɗorawa a kan tebur, ya samu karɓuwa a wajen masu ƙere-ƙere a gida da masu ƙananan shagunan walda, saboda yana yanka a miƙe, ba ya tartsatsi, kuma ƙararsa ba ta kai ta injin gurza ƙarfe ba. A ido yana kama da zarton bel na katako, amma gudun ruwansu ya sha bamban ƙwarai, kuma wannan bambanci shi ne abu na farko da ake dubawa wajen zaɓensa.

Tarihi

Wani Baturen Ingila mai suna William Newberry ne ya yi rajistar wannan fasaha a farkon ƙarni na 19. Sai dai injin bai yi amfani sosai ba a lokacin, domin ruwan zarton yakan tsinke a inda aka haɗa shi. A shekarar 1846 wata Bafaranshiya, Anne Paulin Crepin, ta nemi rajistar wata hanyar haɗa ruwan da ke jure lanƙwasa, daga baya ta sayar da haƙƙin ga kamfanin Perin na birnin Paris. Daga nan injin ya bazu a Turai da Amurka, aka fara da aikin katako, sannan aka shiga yankan ƙarfe.

Ire-irensa

Ƙananan injinan sun kasu kashi uku. Na farko shi ne na kwance, inda ake ɗaure ƙarfen a mamatsi, sai kan injin ya riƙa saukowa da nauyinsa har ya raba shi. Ya fi dacewa da datse bututu da sanda da ƙarfe mai kusurwa. Shahararre a cikinsu shi ne wanda ake kira 4x6, saboda yana iya yanka ƙarfe mai kaurin inci 4 da faɗin inci 6. Ruwansa na da tsawon inci 64 da rabi, kuma akasarinsu ana iya miƙar da su tsaye a ɗaura musu ɗan faranti.

Na biyu shi ne na tsaye, wanda ke da faranti a kwance, mai aiki na tura ƙarfen da hannu. Da shi ake fitar da siffofi da lanƙwasa a jikin fallen ƙarfe.

Na uku shi ne na hannu, wanda kamfanoni irin su Milwaukee da DeWalt da Makita ke ƙerawa. Mafi yawan manyansa na amfani da ruwa mai tsawon inci 44 da bakwai bisa takwas. Akan ɗaure shi a kan mazauni ya koma na tebur, kuma ya dace da wanda ba shi da fili.

Gudun ruwan zarto

Ana auna gudun ruwan da yawan ƙafa ko mitar da ke wucewa a minti ɗaya. Zarton katako yakan yi kusan ƙafa 3,000 a minti, wato kimanin mita 900. Baƙin ƙarfe kuwa yana buƙatar gudun da ke tsakanin ƙafa 80 zuwa 300, wato mita 25 zuwa 90. Idan aka sa ƙarfe a zarton katako, gugar takan haifar da zafin da ke kashe taurin haƙoran cikin ɗan lokaci, ko da ruwan na ƙarfe ne. Saboda haka sauya ruwa kaɗai ba ya mayar da zarton katako ya zama na ƙarfe. Sai an rage gudun da akwatin giya ko da ƙarin fuli.

Injin 4x6 yakan zo da matakan gudu uku, kusan ƙafa 80 da 120 da 200 a minti, ana sauya su ta hanyar matsar da bel daga wannan fuli zuwa wancan. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana son mataki mafi ƙasa da dannawa mai ɗorewa, domin idan haƙora suna goga ba sa ci, saman ƙarfen yakan ƙara tauri. Alminiyam da tagulla suna jure gudu mai yawa. Ƙarfen da aka riga aka taurara, kamar magagari ko boris, ba ya yankuwa da irin wannan ruwa.

Zaɓen ruwa

Ruwa mai arha ana yin sa da ƙarfe iri ɗaya, kuma yana saurin dakushewa. Wanda ya fi shi ƙarko an haɗa shi da ƙarfe iri biyu: baya mai lanƙwasuwa da haƙora masu tauri. Samfurin haƙoran da ake kira M42 na ɗauke da sinadarin kobalt kimanin kashi 8 cikin 100, abin da ke sa shi jure zafi.

Ana ƙidaya haƙora da yawansu a inci ɗaya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a samu aƙalla haƙora uku a cikin kaurin ƙarfen a kowane lokaci. Misali, falle mai kaurin da ya ɗan wuce milimita 3 yana buƙatar ruwa mai haƙora 24 a inci, domin tazarar haƙoransa ta ɗan wuce milimita 1. Idan haƙoran suka yi girma, sai su maƙale a bakin fallen su kakkarye. Idan kuma suka yi ƙanana ga sanda mai kauri, sai garin ƙarfe ya toshe tsakaninsu. Ruwa mai haƙora gauraye, kamar 10/14, yana rage jijjiga kuma ya dace da aikin yau da kullum. Sabon ruwa ana fara masa da sassauƙar dannawa a yankan farko-farko domin kada bakin haƙoran ya ɓantare.

Sauran abubuwan dubawa

Gangar jiki mai nauyi ta zubin ƙarfe ta fi riƙe ruwa a miƙe. Ana kuma duba boris ɗin da ke tallafe da ruwan ta gefe da ta baya, domin idan sun saki yankan yakan karkace. Mamatsi mai juyawa zuwa digiri 45 yana sauƙaƙa haɗa firam. Yana da kyau a tabbatar ana samun ruwa mai tsawon da injin ke ɗauka a kasuwa, domin inji mai baƙon awo kan zauna ba aiki da zarar ruwansa ya tsinke.

Batun lantarki ma yana da muhimmanci ga mai sayen injin da aka shigo da shi. Na Amurka an yi shi ne don volt 120 da hertz 60, alhali Najeriya da Nijar da Ghana na amfani da volt 220 zuwa 230 da hertz 50. Jona shi kai tsaye na iya ƙona shi, sai an haɗa da taransifoma.

Kariya

Ana sa tabarau na kariya, a ɗaure ƙarfen sosai, musamman bututu da ke iya mirginawa. Ba a sa safar hannu ko riga mai faffaɗan hannu kusa da ruwa mai gudu, domin haƙora na iya kamawa su ja hannu. A zarton tsaye ana tura ƙananan guntaye da ɗan katako. Ana zare injin daga wuta kafin a sauya ruwa, kuma da buroshi ake share garin ƙarfe bayan injin ya tsaya.