Rumbun ajiya na waje ga na'urorin hira: matsalar nema a harshen Hausa

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu muna son mu bayyana wata dabara da masu ƙera na'urorin hira irin su ChatGPT ke amfani da ita, wato haɗa na'urar da wani rumbun ajiya na waje (mémoire externe) wanda take bincikawa kafin ta ba da amsa. A ganinmu ajiyar ba ta da wuya. Wuyar tana wajen nema. Nema kuwa sha'ani ne na harshe, saboda haka ya shafi masu nazarin harsuna.

2. Dalilin rumbun da yadda yake aiki

Na'urar hira tana da sani iri biyu. Na farko shi ne wanda ya shige cikinta lokacin horo: ya tsaya a ranar da aka rufe tattara rubutun horon, kuma ba a iya nuna shafin da ya fito. Na biyu shi ne rubutun da ke gabanta a lokacin hira, wanda yake da iyaka, kuma in hira ta ƙare ya tafi. Tura mata littafi sukutum ma bai warware matsalar ba, domin wani bincike na 2023 da masanan jami'ar Stanford suka jagoranta ya nuna cewa bayanin da ke tsakiyar dogon rubutu ya fi saurin kuɓuce mata a kan na farko da na ƙarshe.

A 2020 Patrick Lewis da abokan aikinsa na sashen binciken Facebook suka fito da tsarin da ake kira RAG. Sun yanyanka Wikipedia ta Ingilishi gutsure-gutsure, kowane mai kalmomi 100, suka sami gutsure wajen miliyan 21. In tambaya ta zo, sai a zaƙulo ƴan kaɗan da suka fi dacewa da ita, a ajiye su gaban na'urar, ta gina amsa a kansu. Amfanin a fili yake: ana iya sabunta rumbun ba tare da sake horo ba, ana kuma iya nuna wa mai tambaya inda aka samo maganar. Daga baya tsarin MemGPT na jami'ar Berkeley (2023) ya ba na'urar damar rubutawa cikin rumbun da kanta, ta ajiye abin da ta ji yau don gobe.

3. Nema iri biyu

Akwai nema ta siffa, akwai nema ta ma'ana. Na farko yana duba kalmomin da tambaya da gutsure suka yi tarayya a kai, yana ba kalmar da ba ta cika fitowa ba nauyi fiye da irin su "da" ko "na". Karen Spärck Jones ce ta kafa wannan ma'auni a 1972. Na biyu yana mai da kowane gutsure wani dogon jerin lambobi (vecteur), ta yadda masu ma'ana kusa za su zauna kusa da juna, ko da ba su haɗa kalma ɗaya ba.

4. Inda Hausa ke ba da wahala

Mu dubi waɗannan misalai:

(1) gida / gidaje. Littafi / littattafai. Karanta / karatu / makaranta
(2) baki / baƙi. Kasa / ƙasa
(3) fari

Misali na (1) ya isa ya rikita nema ta siffa. A Faransanci yanke "s" na jam'i yakan wadatar a mafi yawan sunaye. Jam'in Hausa kuwa yana shiga cikin tushen kalma, yana maimaita baƙi ko gaɓa, ga kuma ɗafa-goshi "ma-". Wanda ya nemi "littafi" ba zai sami gutsuren da ya ce "littattafai" ba, sai in an tanadi ƙamus mai haɗa su.

Misali na (2) na rubutu ne. Jama'a da yawa suna buga tambaya ba tare da haruffa masu ƙugiya ba. In an bar ƙugiyar cikin rumbun, tambayar ba za ta ci karo da amsarta ba. In an share ta, baƙin gida da bakin rijiya sun zama abu guda. Shawararmu ita ce a ajiye siffofin biyu, a nema da marar ƙugiya, a jera sakamakon bisa mai ƙugiya. Haka za a yi da "ƴaƴa" na rubutun Nijar da "'ya'ya" na Najeriya.

Na (3) ya fi duka tsanani, tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Fari" na iya zama launi, ko rashin damina, ko jam'in fara, ko na "ɗan fari". Mai bincike a kan farin 1973 ko na 1984 yana iya samun bayanin farin da suka cinye gona, na'urar kuma ta tsara masa amsa mai daɗin karatu a kansa. A nan nema ta ma'ana ya kamata ya cece mu, domin yana duba kalmomin da ke kewaye. Sai dai ingancinsa ya dogara ga yawan Hausar da aka horar da shi da ita, kuma mafi yawan wadda ke intanet ta daidaitacciyar Hausa ce ta Najeriya. "Lakwal" da "lokotoro" baƙi ne a wurinsa. Abin dariya ma shi ne "mushe", wanda ɗan Maradi ke nufin malamin makaranta da shi, Bakano kuwa dabbar da ta mutu ba yanka.

5. Lakabin gutsure

Abin da ya rage shi ne abin da ake liƙa wa kowane gutsure kafin a jefa shi rumbu. Takardun mulki na shekarun 1990 suna kiran Tahoua da Zinder "département". Yanzu "région" ne, kalmar "département" kuma ta sauka kan abin da a da ake kira "arrondissement". Gutsure biyu masu wannan kalma, in babu shekara a jikinsu, na'urar za ta haɗa alƙalumansu kamar na yanki ɗaya ne. Don haka duk sashen da ke shirin zuba kundayen ɗalibansa da rubutattun hirarrakin fili cikin irin wannan rumbu, ya kamata kowane gutsure ya shiga da shekararsa, da garin da aka ɗauko maganar, da karin harshen mai ita, da irin ƙa'idar rubutun da aka bi.