Tantancewa da Rarraba Gizagizai Mafarauta Mazauna Kogo: Misalai Daga Ƙasar Lawos

1.0 Gabatarwa

Sanya wa abu suna aiki ne na harshe, amma kafin suna ya zauna daram, wajibi ne a san iyakar abin da ake kira da shi. A Hausa kalmar gizo-gizo ta wadatar wajen ambaton duk wani ƙwaro mai ƙafa takwas da ke saƙa ko yake yawo a bango. Masana kimiyyar halittu kuwa sun tantance nau'o'insa fiye da 50,000, kowanne da sunansa. Wannan maƙala za ta duba yadda ake gane rukuni guda daga cikinsu, wato gizagizai mafarauta da ke zaune a kogunan duwatsun ƙasar Lawos, a kudu maso gabashin Asiya. Manufa ita ce a nuna cewa siffofin da ido ke fara gani, kamar girma da launi da yawan idanu, su ne suka fi ɓatar da mai nazari a cikin kogo. Domin sauƙin bayani, an yi amfani da kalmar iyali ga babban rukuni, zuriya ga rukunin da ke ƙarƙashinsa, sannan nau'i ga na ƙarshe.

2.0 Iyalin Gizagizai Mafarauta

Masanin Jamus Philipp Bertkau ne ya raɗa wa wannan iyali suna Sparassidae a 1872, kuma nau'o'in da aka sani a cikinsa sun haura 1,300. An kira su mafarauta ne saboda ba sa kafa yana don kama abinci. Kwanton ɓauna suke yi, ko su bi ƙwaro da gudu. Ƙafafunsu kan baje gefe da gefe tamkar na ƙaguwa, abin da ke ba su damar kutsawa cikin tsagar dutse ko ƙarƙashin ɓawon itace. Galibinsu na da idanu takwas a jeri biyu, huɗu-huɗu. Alamar da masana suka fi dogara da ita wajen shigar da gizo-gizo wannan iyali ita ce wani ɗan tantani mai leɓe uku da ke ƙarshen gaɓa ta kusa da ƙarshe a kowace ƙafa. Mafi shahara a iyalin shi ne Heteropoda venatoria, wanda Linnaeus ya bayyana a 1767, ya kuma bazu a ƙasashe masu zafi, inda yakan shiga gidaje yana cin kyankyasai.

3.0 Matakan Zaman Kogo

Ba duk abin da aka tarar a kogo ne ɗan kogo ba. Tun daga aikin Schiner na 1854, wanda Racoviță ya gyara a 1907, ake kasa mazauna kogo gida uku: baƙi masu shiga su fita, da masu son kogo waɗanda ke iya rayuwa a wajensa, da 'yan asali waɗanda ba sa rayuwa sai a cikinsa. 'Yan rukuni na uku sukan koɗe, ƙafafunsu su ƙara tsawo, idanunsu su ƙanƙance ko su ɓace. A nan matsalar take. Da yake duhu iri ɗaya ne a kowane kogo, halittun da ba su da dangantaka ta kusa sukan wayi gari da kama ɗaya, alhali 'yan zuriya ɗaya kan sha bamban idan wani na bakin kogo, wani na can ƙurya. Kama da wane ba ta wane ba ce.

4.0 Misalai Biyu

A 2001 Peter Jäger, masanin gizagizai wanda ya yi suna a Cibiyar Bincike ta Senckenberg da ke Frankfurt, ya bayyana Heteropoda maxima daga samfuran da aka tattaro a Lawos, aka adana a gidan tarihin halittu na birnin Faris. Faɗinsa daga ƙarshen wata ƙafa zuwa ƙarshen kishiyarta ya kai kimanin santimita 30, tsawon jikinsa kuma santimita 4.6, don haka ake lissafa shi a sahun gaba na gizagizan duniya ta fuskar tsawon ƙafa. Duk da cewa a kogo ake samunsa, idanunsa takwas suna nan cur, abin da ke nuni da cewa bai yanke hulɗa da haske ba.

Misali na biyu ya fito ne daga zuriyar Sinopoda, wadda Jäger ya kafa a 1999. A 2012 ya bayyana sababbin nau'o'i tara na wannan zuriya daga Lawos. Akwai masu idanu takwas a cikinsu. Sinopoda guap na da shida. Sinopoda soong na da biyu. Shi kuwa Sinopoda scurion na lardin Khammouane ba shi da ko ɗaya, kuma shi ne makaho na farko da aka sani a duk iyalin. Da a ce yawan idanu ne ma'auni, da an raba waɗannan 'yan'uwa zuwa zuriyoyi daban-daban, aka kuma haɗa wasunsu da Heteropoda maxima wanda ba zuriyarsu ɗaya ba.

5.0 Ma'aunin da Ake Dogara da Shi

Masana sun fi dogara da gaɓoɓin haihuwa, domin duhun kogo ba ya sauya su kamar yadda yake sauya ido da launi. Namiji na da wasu 'yan hannuwa biyu a gefen bakinsa, waɗanda da su yake miƙa maniyyi. Mace kuma na da wani tauraren faifai a ƙasan cikinta, da hanyoyi a bayansa. A zuriyar Heteropoda, tsinken da ke hannun namiji siriri ne kamar zare, yana kwance cikin wani kube. A zuriyar Sinopoda kuwa, ƙahon da ke gaɓar hannun ya rabu biyu. Ana duba waɗannan ne da madubin ƙara girma, a zana su, a kwatanta da samfurin asali, wato ɗaya tilo da aka ajiye a gidan tarihi ya zama madogarar sunan. Wannan hanya na da iyaka: gaɓoɓin ba sa cika sai gizo-gizo ya yi saɓarsa ta ƙarshe, saboda haka ƙanana ba sa tantantuwa. Tun daga 2003 nazarin ƙwayoyin gado ya yawaita, yana taimakawa wajen haɗa ƙarami da babbansa, da namiji da macensa.

6.0 Harshe a Cikin Sunayen

Ƙa'idar suna mai kalma biyu, ta zuriya da ta nau'i, tana komawa ga aikin Linnaeus na 1758. Dokar sanya wa dabbobi suna ta wajabta rubutu da baƙaƙen Latin, amma ba ta hana aro daga wani harshe ba. Heteropoda daga Girkanci take, ma'anarta ƙafafu mabambanta. Maxima da venatoria kalmomin Latin ne masu nufin mafi girma da kuma na farauta. Sino ishara ce ga ƙasar Sin. Daga harshen Lawo aka aro tham (kogo), da taa (ido), da soong (biyu), dukkansu sunayen nau'o'in Sinopoda. Scurion kuwa sunan wani kamfanin Suwizalan ne mai ƙera fitilun goshi na masu shiga kogo. Wannan ya nuna cewa suna tambari ne kawai. Yana iya siffanta abu, yana iya karrama wani, amma hujjar rarrabawa tana ga samfurin asali.

7.0 Kammalawa

An ga cewa gane gizo-gizon kogo na bin matakai: tantanin ƙafa ya nuna iyali, gaɓoɓin haihuwa su nuna zuriya da nau'i, idanu da launi kuma su nuna zurfin sabo da duhu. Muhimmancin wannan ya wuce ɗakin nazari. Da yawa daga waɗannan nau'o'i ba a san su ba sai a kogo ɗaya ko 'yan kaɗan, ga shi kuma ana fasa duwatsun farar ƙasa na kudu maso gabashin Asiya don yin siminti. Idan aka tara nau'o'i uku a ƙarƙashin suna ɗaya, biyu za su iya ƙarewa ba tare da kowa ya lura ba, domin abin da ba shi da suna ba ya shiga lissafi.