Kafin A Kai Azurfar Kaka Wurin Maƙeri

Sau da yawa idan aka yi rasuwa a gidajenmu na Zangon Kumasi, aka buɗe adakar tsohuwa, akan tarar da 'yan ƙwandalolin azurfa ƙulle a tsumma. Galibi magada kan miƙa wa maƙeri ya narkar a yi zobe. Muna roƙon masu karatu su duba tambarin da ke jiki tukuna.

Mu fara da sunan. 'Yan'uwanmu na Nijar har yau suna ƙirga sefa da dala, a Nijeriya kuwa sule biyu ake kira dala a zamanin Ingilishi. Tushen kalmar wani kwari ne mai ma'adinin azurfa a Turai, Joachimsthal, inda aka buga manyan ƙwandaloli a ƙarni na 16. Mutanen Holan suka kira irinsu daalder. A 1575 suka fara buga tasu mai hoton zaki, nauyinta wajen giram 27, kashi uku cikin huɗu azurfa. Fatake suka bazu da ita cikin Daular Usmaniyya, inda Larabawa suka ga zakin ya fi kama da kare, suka laƙaba mata Abu Kalb.

Mutanen Holan ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Sun riƙe ganuwar Elmina daga 1637 har 1872, suna ciniki da Asante. Sai dai Asante garin zinariya suke aunawa, kakanninmu masu fataucin goro kuwa wuri suke ƙirgawa a Salaga, don haka dalar zaki ba ta zama kuɗin kasuwa a nan ba. Wanda ya same ta ya sami abu mai wuya.

Wadda aka fi gani ita ce mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Kada shekarar 1780 da ke jikinta ta ruɗe ku, domin da wannan shekarar aka ci gaba da buga ta tun bayan rasuwar sarauniyar.

Masu tara tsofaffin kuɗi ba sa son wadda aka goge da toka ko aka huda, ko da yake iyayenmu mata don ado suka huda su. A auna ta gaban magada duka, a rubuta nauyinta, kafin a yi maganar rabo ko sayarwa.