Uwargida, Sana'arki Tana Da Rajista Kuwa?

Uwargida, ko girkin biki kike karɓa, ko ɗinki, ko lalle da kwalliyar amare, wata rana babban aiki zai ƙwanƙwasa ƙofa: makaranta na neman mai ɗinka kayan ɗalibai, ko wani ofis na neman mai kawo abincin taro. Abin da za a fara tambayar ki shi ne takardar rajista da asusun banki mai sunan sana'ar. A nan mata da yawa ke rasa kwangila, alhali sun fi kowa iya aikin.

A Najeriya, hukumar CAC ce ke yi wa sana'o'i rajista ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. In da ainihin sunanki kaɗai kike aiki, rajista ba dole ba ce. Amma da zarar kin raɗa wa sana'ar wani suna, irin wanda kike sawa a Instagram ko a jikin leda, doka ta ba ki kwana 28 daga fara aiki ki yi rajistarsa.

Ba sai kin buɗe kamfani ba, rajistar sunan kasuwanci ta wadatar, kuma ta intanet ake yin ta. Ki tanadi lambar NIN, hoton fasfo da adireshin wurin sana'a, ko da cikin gida ne. Ki zaɓi sunaye biyu, don wataƙila wata ta riga ki na farkon.

In wani za ki ba wa ya cike miki, ki tsaya a kai. Ki tabbata sunanki da lambar wayarki aka shigar, ba na maigida ko ƙaninki ba. Wanda sunansa ke takarda, a idon doka shi ne mai sana'ar.

Bayan shekarar da kika yi rajista, ana miƙa wa CAC rahoton shekara kafin ƙarshen watan Yuni, jinkiri kuma na jawo tara. Sannan in kina ƙulla zoɓo, yaji, sabulu ko man shafawa don shaguna, takardar CAC kaɗai ba ta isa ba, sai da lambar NAFDAC.

Kada ki bari sai aiki ya zo ki shiga neman takarda. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Waɗanda suka riga suka yi, ku faɗa mana yadda kuka ƙare a ƙasa, 'yan'uwa su amfana.