Nescafé da karatun dare: yaushe sabo ke zama jaraba?

Da zarar jarrabawar WAEC ta ƙarato, mu ɗalibai mukan ƙulla sabuwar abota da mai shayi. A Ƙauran Namoda ne, ko Shinkafi, ko Zurmi, labarin ɗaya ne: bayan sallar isha'i a tsaya a teburinsa, a ce ya zuba Nescafé cokali guda, a koma a buɗe littafi. Daren farko abin kamar sihiri, ido tar har ƙarfe biyu. Bayan mako uku cokali guda ya daina aiki, sai biyu.

Abin da ke cikin kofin sunansa kafeyin. Ba baƙo ba ne a wajenmu, domin shi ne a cikin goron da kakanninmu ke ci, yana cikin ganyen shayi, da lemon kwalba irin su Coca-Cola, da lemukan ƙara kuzari da ake sayarwa da sanyinsu a tasha.

Ga yadda yake aiki. Tun daga safe jikinmu yana tara wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna adenosin, wanda aikinsa shi ne sanar da mu cewa mun gaji. Kafeyin yakan je ya tare wuraren da wannan sinadari ke sauka, sai saƙon ya kasa isowa. Gajiyar tana nan daram, labarinta kawai aka hana mu ji. Idan muka riƙa yin haka kullum, ƙwaƙwalwa takan saba, ta buƙaci fiye da na jiya kafin ido ya buɗe. Nan jaraba ke farawa.

Kuma ba ya saurin barin jiki. Yakan ɗauki kusan awa 5 kafin rabinsa ya fita. Wanda ya sha da ƙarfe goma na dare, da ƙarfe uku rabin yana yawo a jininsa. Ya kwanta barci bai yi nauyi ba, ladan ya kira asuba, ya shiga aji yana gyangyaɗi, ya sake neman kofi. Babbar asarar ita ce, cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Masana sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. A ganinmu, wanda ya sayar da barcinsa don ya haddace lissafi, ya zuba ruwa ne a kwando.

Nawa ne ya yi yawa? Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce a shekarar 2015 kada yara da matasa su wuce miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsu a rana. Mai kilo 50 ke nan ya tsaya a 150. Kofi guda na Nescafé yakan kai 60 zuwa 80, saboda haka biyu sun cika ma'aunin, tun ba a lissafa shayin safe ba.

Alamar da ba ta ƙarya ita ce abin da ke faruwa ranar da ba a sha ba. Mu tuna ciwon kan da ke kama wasu manyanmu a ranar farko ta azumi: ba yunwa kaɗai ba ce, a wajen da yawansu rashin goro da shayi ne. Yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, tare da kasala, saurin fushi da kasa tattara hankali, ya yi tsanani a kwana na biyu, wani lokacin ya ja har kwana 9. Masu gudu su sha Panadol Extra su sani, shi ma akwai kafeyin a cikinsa.

Mai son dainawa kada ya yanke rana ɗaya, musamman ana tsakiyar NECO. Ya rage rabin cokali duk bayan kwana uku ko huɗu, ya daina sha daga azahar, ya mayar da karatun dare zuwa bayan sallar asuba. Dogon hutu ma lokaci ne mai kyau na yin wannan. Wanda kuwa zuciyarsa ke bugawa da ƙarfi ko hannunsa ke rawa bayan ya sha, ya gaya wa iyayensa ko malamin ajinsu a kai shi asibiti a duba shi.