Motar Ɗalibai daga Babura zuwa Filin Gasar Jami'o'i

Ƙwallon ƙafa ita ce wasan da ya fi kowane wasa farin jini a tsakanin matasan arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wato yankin da ya haɗa Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, sai dai mafi yawan ƙwallon da matasan nan suke gani ta akwatin talabijin take iso musu, a gidajen kallo inda ake biyan kuɗi kaɗan a zauna a kan benci a kalli wasannin Ingila da Sifaniya. Ɗalibin babbar makaranta da yake son ganin ƙungiyar wata jami'a tana karawa da takwararta ido da ido ba shi da zaɓi sai ya hau mota, domin manyan zagayen gasar jami'o'i a biranen da suka mallaki filaye da masaukai ake buga su. Wannan ne ya sa tafiyar kallon gasa ta zama wani ɓangare na rayuwar ɗalibai mai tsarinsa da al'adunsa, kuma mai hatsarin da hukumomin makarantu ba su cika ba shi kulawar da ta dace da shi ba.

Gasar da ake zuwa kallo iri biyu ce. Ta farko ita ce wasannin jami'o'in Najeriya da aka fi sani da NUGA, waɗanda aka fara a Jami'ar Ibadan a shekarar 1966, kuma suka ƙunshi guje-guje da tsalle-tsalle da sauran wasanni, ko da yake ƙwallon ƙafa ce take cika fili da 'yan kallo. Jami'a ɗaya ce take karɓar baƙuncin sauran a kowane karo, bayan an kammala wasannin share fage na shiyya-shiyya, inda jami'o'in da suke maƙwabtaka da juna suke fafatawa don fitar da waɗanda za su je babban taro. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karɓi baƙuncin wasannin fiye da sau ɗaya, amma a shekarun baya-bayan nan sun yi nisa da wannan yanki, domin a Ile-Ife aka yi su a 2014, a Makurɗi a 2017, sannan a Legas a 2022. Ta biyu kuwa ita ce gasar ƙwallon ƙafa zalla ta manyan makarantu da ake kira HiFL, wadda aka fara a 2018, kuma Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ta lashe kofinta na farko, Jami'ar Kalaba ta ɗauka a 2019, sannan ƙungiyar Jami'ar Maiduguri ta kawo shi arewa maso gabas a 2021. Kwalejojin fasaha suna da tasu gasar mai suna NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma suna da NICEGA. A zahiri, ɗalibin Babura ba ya sa ran zuwa Legas kallon wasan ƙarshe. Abin da hannunsa zai iya kaiwa shi ne wasan shiyya ko zagayen farko da za a buga a Kano ko Wudil ko Zariya.

Dalilin wannan nisa yana cikin tarihin ilimi mai zurfi a jihar. An ƙirƙiro Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma sai a 2011 ta sami jami'ar tarayya a Dutse, jami'ar jiha ta Kafin Hausa ta biyo baya a 2013, sannan gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a Babura a 2021. Sabuwar makaranta a ko'ina take, ajujuwa da ɗakunan gwaje-gwaje da ɗakunan kwana take fara nema kafin ta waiwayi filin wasa mai rumfar 'yan kallo, kuma ƙungiyar ƙwallon da za ta iya tunkarar tsofaffin jami'o'i tana buƙatar shekaru kafin ta tsaya da ƙafafunta. Saboda haka idon yankin gaba ɗaya Kano yake kallo, duk da cewa Babura tana ƙarƙashin masarautar Ringim, Roni da Gwiwa kuma suna ƙarƙashin ta Kazaure. Mai fitowa daga Babura yakan bi ta Kanya da Kunya ya faɗo babban titi a Kwanar Dumawa, mai fitowa daga Kazaure kuwa ya bi ta Ɗambatta, duka su shiga birni ta arewa.

Shirin tafiya yakan fara ne daga ƙungiyar ɗalibai, musamman mai riƙe da muƙamin daraktan wasanni, wanda shi ne yake rubuta takardar neman izini zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuma shi ne yake yawo da littafi ɗaki-ɗaki yana rubuta sunan duk mai son zuwa da abin da ya biya. Idan makaranta ta ba da motarta, ɗalibai kuɗin mai kawai suke haɗawa da ɗan abin da za a sallami direba. Idan kuwa aka ce motar tana gareji ko an tura ta wani aiki, sai a nufi tasha a ɗauki shata, ma'ana a yi hayar mota sukutum zuwa da dawowa a kan farashin da aka daidaita da direba a gaban 'yan kamasho. A nan ne lissafi yake fara tauye hankali. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin shata ya ninka, aljihun ɗalibi kuwa yana nan yadda yake, don haka hanya mafi sauƙi ta rage wa kowa nauyi ita ce a ƙara yawan kawunan da za su raba kuɗin. Bas ɗin da aka yi wa kujerun mutum 18 sai a cusa masa fiye da haka, wani a kan jarka a tsakanin kujeru, wani a gefen injin kusa da direba, kuma ba wanda yake ganin laifin hakan domin kowa ya saba da irin wannan lodi a motar haya.

Batun ɗalibai mata yana da nasa nauyin. A yankin da iyaye da yawa sai da aka sha fama kafin suka yarda 'ya mace ta kwana a makaranta, barinta ta bi motar samari zuwa wani gari kallon ƙwallo ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma yawanci sai an buga waya gida an nemi yardar mahaifi ko yaya. Inda shugabannin ɗalibai suka san abin da suke yi, sukan keɓe wa mata kujerun gaba, su nemi wata malama ko ma'aikaciya ta raka su, su kuma ɗauki alkawarin dawowa kafin dare ya yi. Inda ba a yi wannan tanadi ba, mata sukan janye da kansu, tafiyar ta koma ta maza zalla, rabin makaranta ya rasa rabonsa a cikinta.

Ana tashi ne bayan sallar asuba, lokacin da garin bai gama wayewa ba, kuma idan kwanakin hunturu ne hazo yakan rufe gonakin gero da dawa da riɗi da aka riga aka girbe a gefen hanya. Kafin a tayar da mota ana loda jakunkunan fiya wata a ƙarƙashin kujeru, a naɗe ƙyallen da aka rubuta sunan makaranta a jiki, a ɗora ganga a cinyar wanda zai kaɗa ta, sannan daraktan wasanni ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Direba idan dattijo ne Baba ake ce masa, shi kuma ya kira su samari ko 'yan makaranta, kuma ba ya sa giya sai wani daga cikinsu ya ja addu'ar tafiya an shafa, an ce Allah ya kai mu lafiya. Da yake Babura tana dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, shingayen jami'an kwastan da na shige da fice da na 'yan sanda ba baƙon abu ba ne a kan hanyar, kuma katin shaidar ɗalibi da takardar izinin makaranta su ne suke taƙaita tsayuwa a kowane shinge. Idan wasan a Zariya ne, tafiyar ta zarce nisan da malaman Malikiyya suka ƙayyade wa ƙasaru, wato rage salla mai raka'a huɗu zuwa biyu ga matafiyi, nisan da ake ƙiyastawa da kimanin kilomita 80, don haka akan tsaya a wani masallacin gefen titi a yi sallar matafiya cikin jam'i.

Amfanin tafiyar mafi girma a cikin motar yake samuwa, tun kafin a ga ƙwallo. Makarantar tarayya tana ɗaukar ɗalibai daga sassan ƙasa daban-daban, amma a harabarta kowa yakan koma cikin 'yan garinsu ko 'yan sashensu, ɗan Gwiwa da ɗan Gwiwa, mai karatun injiniya da mai karatun injiniya. Mota ba ta ba da wannan dama, domin kujerar da mutum ya samu ita ce tasa, kuma wanda kafaɗarsa take gugar tasa na tsawon awanni zai iya zama Bayarabe daga Ilori ko Tibi daga Binuwai, wanda bai taɓa yi wa magana ba ko da yake ajinsu ɗaya. Ana musu a kan 'yan wasa, ana miƙa ƙuli-ƙuli da dabino daga kujerar baya zuwa ta gaba, wanda bai iya Hausa sosai ba yana koyon amshin kirarin da ake yi wa makaranta, Musulmi suna sauka salla Kirista suna tsaron kaya. Ga ɗalibin da ya taso a ƙauye kuma bai taɓa shiga harabar tsohuwar jami'a irin Bayero ko Ahmadu Bello ba, ganin girman ɗakin karatu da yawan tsangayoyi yakan faɗaɗa masa abin da yake ɗauka zai iya kaiwa gare shi, kuma wannan ilimi ne da ba a rubuta shi a manhaja ba.

A filin wasa kuwa, wanda ya saba da gidan kallo yakan tarar da wata ƙwallo dabam. Babu mai sharhi, babu maimaita hoton ƙwallon da ta shiga raga, wanda ya juya kai ya rasa ta har abada; a maimakon haka yana jin ƙarar takalmi a kan ƙwallo, yana jin mai tsaron gida yana daka wa 'yan bayansa tsawa, yana ganin ƙura tana tashi inda ciyawa ta ƙare. 'Yan wasan ma ɗalibai ne kamarsa, masu jarrabawa a gabansu, domin sharaɗin shiga irin wannan gasa shi ne ɗan wasa ya kasance ɗalibi mai rajista, kuma zargin shigo da sojan haya, wato ɗan wasan da ba ɗalibi ba, yana daga cikin abubuwan da suka fi tayar da jijiyar wuya. Baƙi 'yan mota ɗaya ba su da yawan da za su yi gogayya da masu gida, saboda haka shugaba nagari yakan tara mutanensa wuri guda, ya hana su zagin alƙalin wasa, ya kuma fitar da su da zarar an hura usur na ƙarshe.

Dawowa ita ce sashen tafiyar da ya fi kowane hatsari, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Wasan yamma ba ya ƙarewa sai gab da magariba, idan aka kai ga bugun fanareti ma ya wuce haka, sannan a ɓata wani lokacin ana neman waɗanda suka sulale gaida 'yan uwa ko sayayya a kasuwa. Direban da ya tashi tun asuba, ya yini a rana yana jira, shi ne zai kama sitiyari cikin duhu da mota mai lodi fiye da ƙima, a kan hanyar da manyan motoci da babura marasa fitila da dabbobi suke bi, ga kuma matasa a bayansa suna zuga shi ya taka. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tafiyar dare da gudun wuce kima da lodin da ya zarce ƙa'ida, kuma duka ukun sukan haɗu a motar ɗalibai. Mutanen wannan yanki ba su manta da ranar 31 ga Mayu, 2025 ba, lokacin da motar tawagar Jihar Kano da take dawowa daga bikin wasanni na ƙasa a Abeokuta ta faɗa ƙarƙashin gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, sama da mutum 20 suka rasu, 'yan wasa da jami'ai, saura tafiya kaɗan su iso gida. Waccan tawagar hukuma ce. Motar da ɗalibai suka ɗauko shata da kuɗin karo-karo ba ta da ko rabin kulawar da ake sa ran tawagar hukuma za ta samu.

Wasu shugabannin makarantu sukan ga cewa mafita ita ce a hana tafiyar ɗungurungum, amma hani ba ya tsayar da ɗalibi mai shekara 20, sai dai ya sa shi ya tafi a ɓoye, a motar da ba wanda ya duba tayarta, ba kuma wanda ya san sunayen mutanen cikinta. Abin da ya fi dacewa shi ne makaranta ta ɗauki tafiyar a matsayin aikinta, kamar yadda take ɗaukar ziyarar ɗalibai zuwa masana'antu: ta ba da mota mai lafiya da direban da aka san shi, ta hana a wuce adadin kujeru, ta ajiye kwafin sunayen matafiya da lambobin iyayensu a ofis, ta haɗa su da malami namiji da malama mace, kuma idan wasa zai kai dare ta nemi jami'ar da ta karɓi baƙunci ta ba su wurin kwana su taso da safe. Kuɗin man zuwa Kano da dawowa ba zai gagari asusun da kowane ɗalibi yake zuba kuɗin wasanni a cikinsa lokacin rajista ba. Gwamnatin Jigawa da hukumomin jami'o'in jihar kuma su dubi yiwuwar gina filin da zai cika sharuɗɗan karɓar wasannin shiyya a Babura ko Kazaure, domin a wayi gari motocin ɗaliban Kano da Katsina da Zariya su ma su kamo hanyar wannan yanki. Kafin a kai ga haka, shugabannin makarantu su daina barin ɗalibai su kaɗai da 'yan kamasho a tasha.