Yadda Aji Mai Yawan Ɗalibai Zai Tsai Da Magana Ɗaya

 Kowa ya san abin da kan faru idan Malam ya ce wa aji, “Ku shawarta, ku faɗa mini lokacin da za ku riƙa yin tilawa kafin sauka.” Nan take aji sai ya koma kasuwar Warra. Manya biyu ko uku su ɗaga murya, a ce an amince. Ranar farko kuwa rabin aji ba su zo ba, don mai taya babansa duba taru da asuba da mai kai wa Inna talla da yamma ba wanda ya tambaye su.

To, mu yi lissafi. A ce aji yana da ɗalibai 90, kowa ya yi maganar minti 2, an ci awa 3 ke nan. Ashe ba ya yiwuwa kowa ya yi magana a gaban aji. Dabara ita ce a kasu goma-goma, watau rukuni 9, kowane rukuni ya tattauna ya fid da wakili. Sayyidina Umar (RA) ma mutum 6 ya ɗora wa zaɓen halifa a shekara ta 23 bayan Hijira, sannan Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya yi kwana 3 yana bin mutanen Madina yana jin ra'ayinsu. Aikin wakili ke nan. Ya kawo maganar mutanensa, ba tasa ba.

A cikin rukuni, ƙanana su fara magana. In babba ya riga su, sun yi shiru ke nan, shiru kuwa a aji sau da yawa kunya ce, ba yarda ba. Nan ƙasar Yawuri akwai wani abu kuma: yaron da ya tashi da Kambarci ko Gunganci a gida wani lokaci yakan ɗan jinkirta kafin ya haɗa maganarsa da Hausa. A jira shi. A tuna a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5, shawarar haƙa ganuwa daga bakin Salmanu mutumin Farisa (RA) ta fito.

Iyayenmu masunta sun ga irin wannan. A shekarun 1990, lokacin aikin raya kamun kifi na tafkin Kainji da Nijeriya ta yi tare da Jamus, an so hana jan dala saboda tana kwashe ƙananan kifaye. Doka a takarda ba ta isa ba, sai da aka bi ta hannun sarakunan Yawuri da Borgu da sarakunan ruwa da wakilan masunta, don wanda abincinsa ke cikin magana dole a ji ta bakinsa.

Amma fa ba kome ake sa wa ƙuri'a ba. Lokacin salla da karatun da Malam ya yanka ba na shawara ba ne. Lokacin tilawa, sharar aji, nawa za a tara na walima, waɗannan ne naku.

In wakilai sun kasa haɗuwa, kada a yi saurin ɗaga hannu. A tambayi marasa rinjaye, “Me zai hana ku?” Wataƙila matsalar tasu ta kwana ɗaya ce a mako, a ɗage musu ranar, magana ta ƙare. In an tsayar, monita ya rubuta a allo, a karanta da ƙarfi, a sa mako 2 na gwaji, sannan wakilai su sake zama da Malam.